Ciwon da ke biyo bayan cire maɗaciya ta ƙananan huji, da abin da ya kawo mini sauƙi

Cikina aka yi wa aiki, amma kafaɗata ta dama ce ta hana ni barci a daren farko. An shiga da ni ɗakin tiyata da safe, na farfaɗo kafin azahar, na tarar da filasta huɗu a cikina: ɗaya a cibiya, ɗaya a ƙahon zuci, biyu a gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari. Bayan sallar isha'i sai na ji kamar an kafa mini ƙusa a saman kafaɗa, kuma duk sanda na yunƙura zan tashi zaune ko na ja dogon numfashi sai zafin ya ƙaru har ya taɓo gefen wuyana. Tsoro ya kama ni, domin na ɗauka zuciyata ce ta samu matsala. Ma'aikaciyar jinyar da ke aikin dare ta gwada jinina, ta duba bugun zuciyata, sannan ta ce, "Malama, kwantar da hankalinki, iskar da aka hura miki a ciki ce. Bari in kama ki mu ɗan taka zuwa bakin ƙofa."

Sati shida ke nan da wannan dare, har na koma makarantar da nake koyar da ilimin halittu. Tun da labari ya bazu cewa an cire mini maɗaciya, wadda wasu ke kira matsarmama, mata uku suka neme ni, kowacce hoton ciki ya nuna tsakuwa a tata, kowacce kuma tsoron ciwon da zai biyo baya ne ya hana ta amincewa da aikin. Ni ma na yi wannan tsoro, har na shafe kusan shekara ina shan maganin olsa, alhali duk sanda na ci tsire ko ƙosai sai ciwo ya turnuƙe ni a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ya zaga har baya. Ni ba likita ba ce, saboda haka abin da zan faɗa shi ne abin da likitocina suka bayyana mini, da abin da na karanta daga baya, da abin da na ji a jikina.

Tsorona daga Goggona ya samo asali, ƙanwar mahaifina, wadda aka cire wa tata sama da shekara 20 da suka wuce ta hanyar tsaga ciki. Tabon yana nan har yau, ya kai taƙi guda, kuma takan ba da labarin yadda ta yi mako guda a gadon asibiti, ta kuma yi kusan wata biyu kafin ta iya ɗaga bokitin ruwa. Wannan ita ce tsohuwar hanya, wadda wani likitan Jamus mai suna Carl Langenbuch ya fara a birnin Balin a 1882, aka yi ta bin ta har zuwa 1985, lokacin da wani Bajamushen, Erich Mühe, ya cire maɗaciya ta cikin siririn bututu. Yanzu huda ciki ake yi wuri uku ko huɗu, a hura iskar kabon dayoksaid domin bangon ciki ya ɗaga ya ba da fili, a zura kyamara ta cibiya, a datse bututun maɗaciyar da jijiyar jininta da 'yan ƙananan maƙalai, sannan a ɓanɓare ta daga jikin hanta a zaro ta. Ciwon wannan hanya bai kama ƙafar na Goggo ba. Sai dai masu cewa "ai ɗan huji ne kawai" suna cutar da majiyyaci ba da saninsu ba, domin suna sa shi jin kunyar faɗin cewa yana shan wuya, alhali wani sashe na jikinsa aka raba da hantarsa.

Ciwon ba iri ɗaya ba ne. Akwai na hujin kansu, wanda ke tashi idan an yi tari ko atishawa ko an yunƙura za a sauka daga gado; a wurina na cibiya ya fi tsanani, domin ta nan aka fito da maɗaciyar da tsakuwar cikinta. Akwai na can ciki, a gurbin da aka ɓanɓare ta, wanda ba shi da takamaiman wurin da za a nuna da yatsa, sai dai nauyi da murɗa a ɓangaren dama. Sai kuma na kafaɗa, wanda shi ne bai zo mini a lissafi ba, duk da cewa dalilinsa yana cikin darasin da nake koya wa ɗalibai. Tantanin tsokar da ya raba ƙirji da ciki, wanda muke numfashi da shi, jijiyarsa daga wuya take saukowa, daga gaɓa ta 3 da ta 4 da ta 5 na laka, kuma daga wannan yankin ne jijiyoyin fatar saman kafaɗa suke fitowa. Idan iskar da aka hura ta miƙar da tantanin, ko ragowarta ta maƙale tsakaninsa da hanta, saƙon ciwon yakan shiga laka ta ƙofa ɗaya da saƙon kafaɗa, sai ƙwaƙwalwa ta kasa bambancewa ta ɗora wa kafaɗa. Ita wannan iska tana saurin narkewa cikin jini, huhu ya fitar da ita, shi ya sa ciwon yakan lafa cikin 'yan kwanaki. Nawa ya kai maƙura a rana ta biyu, ya tafi a ta huɗu, kuma tun da na gane dalilinsa hankalina ya kwanta, zafin ma ya zama abin da zan iya ɗauka.

Tun a ɗakin tiyata ake fara maganin ciwo, mutum yana barci bai sani ba, shi ya sa nake ba duk wadda za a yi wa aikin shawarar ta nemi zama da likitan allurar barci kafin ranar. Nawa ya gaya mini zai ba ni farasitamol ta jijiya, da ɗaya daga cikin magungunan rage kumburi, da deksametason, wanda ke hana tashin zuciya da amai ya kuma taimaka wajen rage ciwo, sannan likitan tiyata zai yi allurar kashe zafi a bakin kowane huji. Wannan allura ce ta sa ban ji hujin ba a awannin farko, sai da yamma ta fara sakina. Shi ma likitan tiyata akwai abin da ke hannunsa: yawanci ana hura iskar zuwa matsin 12 zuwa 15 a irin ma'aunin da ake gwada hawan jini da shi, kuma idan aikin ya ba da dama aka yi shi a ƙasa da haka, aka ɗauraye wurin da ruwan gishiri, aka zuƙe ragowar iskar kafin a ɗinke, ciwon yakan ragu. Wannan tsari ne wani kwamitin likitocin tiyata da na allurar barci mai suna PROSPECT ya ba da shawararsa a 2018, inda ya ajiye magunguna dangin mofin, wato masu ƙarfi na kashe ciwo, a matsayin na kai ɗauki idan sauran sun gaza. Mai ciwon suga ya faɗa tun da wuri, domin deksametason yana ɗaga suga na ɗan lokaci.

Kuskuren da na fara yi, da bakina na yi shi. Da safe likita ya shigo zagaye ya ce, "Malama, ya jiki?" na ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi," kamar yadda kowane Bahaushe zai amsa ko da ciwo na cin sa. Ya rubuta abin da zai rubuta ya wuce gado na gaba. Mun taso a kan cewa dauriya mutunci ce, musamman mu mata da ake yaba wa wadda ta haihu ba a ji muryarta ba, kuma wannan amsa kyakkyawa ce tsakanin marar lafiya da mai dubiya, amma shi likita da ita yake yanke shawarar abin da zai ƙara ko ya rage. Ma'aikaciyar jinya ce ta lura ina jan numfashi sama-sama, ta dawo ta ce in ba ciwon maki daga 0 zuwa 10, 0 babu ciwo, 10 kuma mafi tsananin da zan iya kawowa a raina. Na ce 3 idan ina kwance shiru, 7 idan na motsa, kuma da wannan amsa aka gyara mini lokutan magani. Dauriyar da ke hana mutum cika huhunsa da iska, ta hana shi tari, ta hana shi tashi ya taka, tana iya sa majina ta taru a huhu ko jini ya daskare a jijiyar ƙafa, kuma waɗannan sun fi ciwon kansa haɗari.

Da za a sallame ni a yammacin ranar, mai harhaɗa magunguna ya ba ni maganin ciwo iri uku, ya nanata mini magana ɗaya har sau biyu: "Malama, kada ki jira ciwo ya zo sannan ki sha, agogo za ki bi." Farasitamol ne ginshiƙi: ƙwaya biyu masu miligiram 500 duk bayan awa 6, ba a wuce ƙwaya 8 a cikin awa 24. Da farko na raina shi, domin shi ne abin da muke aika yaro ya sayo a kemis idan kai ya ɗan sara, na ga kamar bai isa ya tunkari ciwon tiyata ba. Ashe yadda ake shan sa ne ke da muhimmanci. Idan aka bari ciwo ya yi ƙarfi sannan aka haɗiya, sai an yi rabin awa zuwa awa guda ana jiran ya fara aiki, kuma ciwon da ya riga ya tashi ya fi wuyar kwantarwa. Idan kuwa ana bin lokaci, na baya bai gama fita daga jini ba na gaba zai tarar da shi. Ɗiyata ta yago takarda daga littafin makarantarta, ta ja layi, ta rubuta 6 na safe, 12 na rana, 6 na yamma, 12 na dare, ta manna a bayan ƙofa, muna yin alama da biro duk sanda na sha. Takardar ta yi mana rana, domin a kwanakin farko magagi yakan sa mutum ya manta ko ya sha ko bai sha ba, ga masu jinya suna canzawa.

Iyakar nan ta ƙwaya 8 ba abin wasa ba ce, domin farasitamol idan ya yi yawa hanta yake lalatawa, kuma ɓarnar ba ta bayyana nan take. Inda aka fi faɗawa shi ne shan sa sau biyu da suna daban-daban: Panadol farasitamol ne, haka kuma da yawa daga magungunan mura da na ciwon jiki suna ɗauke da shi a ciki, don haka sai an karanta jikin kwali. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, da mai ciwon hanta, likita yakan rage musu. Saboda wannan ne na ƙi shan jiƙon da wata maƙwabciya ta kawo mini da kyakkyawar niyya. Na karɓa na yi godiya na ajiye, domin ban san abin da ke cikinsa ba, kuma hanta da ƙoda ne za su tace shi a daidai lokacin da suke fama da wasu magungunan.

Na biyu shi ne ibufurofen, miligiram 400 sau uku a rana bayan cin abinci, na kwana 5 kacal. Shi kumburin da ke tasowa a inda aka yanka yake ragewa, shi ya sa haɗa shi da farasitamol ya fi kowannensu shi kaɗai. Sai dai waɗanda bai dace da su ba suna da yawa. Da likita ya ji na daɗe ina shan maganin olsa, sai da ya tabbatar ba a taɓa ganin gyambo a cikina ba, ban taɓa aman jini ko baƙin bayan gida ba, sannan ya rubuta shi, ya haɗa mini da omefurazol domin kare tumbi. Mai gyambon ciki na gaske, da mai ciwon ƙoda ko na zuciya, da mai shan maganin tsinka jini, da mai asmar da irin wannan magani ke tayar masa, da mai juna biyu, sau da yawa hana su ake yi, ga tsofaffi da masu hawan jini kuma ana taka-tsantsan. Abin da na lura mutane ba su sani ba shi ne ibufurofen da daikulofenak da firoksikam dangi ɗaya ne, kuma shan biyu daga cikinsu tare ba ya ƙara sauƙi, sai dai ya ƙara haɗarin zubar jini a tumbi da taɓuwar ƙoda, musamman a lokacin zafi idan mutum ba ya shan ruwa sosai.

Na uku shi ne wanda nake son yin magana a kansa a tsanake. An ba ni tiramadol mai miligiram 50 guda shida, da sharaɗin kada in taɓa shi sai idan na sha na farkon biyu a kan lokaci amma ciwo ya hana ni barci. Na sha ɗaya a dare na biyu, ɗaya a dare na uku. Na samu barci, amma na tashi da jiri da tashin zuciya da bushewar baki, ga ciki ya ɗaure har kwana uku ban zaga ba, kuma yunƙuri a bayan gida da ɗinki a cibiya wata wahala ce mai zaman kanta. Duk dangin mofin haka suke: suna rage motsin hanji, suna sa magagi, idan suka yi yawa kuma su danne numfashi. Tiramadol yana da ƙarin haɗarin tayar da jijjiga, musamman ga mai farfaɗiya ko mai shan wasu magungunan ciwon damuwa.

A rana ta uku ƙanin maigidana ya ga ina cije leɓe, ya fita, ya dawo da katin ƙwaya an rubuta 225 a jikinsa, ya ce, "Anti, wannan guda ɗaya ya ishe ki, har aiki za ki tashi ki yi." Na san tausayi ne ya sa shi, amma na mayar masa. Hukumar NAFDAC tiramadol mai miligiram 50 da mai 100 kaɗai ta amince da su. Mai 200 da mai 225 ta ɓarauniyar hanya suke shigowa, babu wanda ya tantance abin da ke cikinsu. Mun ga abin da suka yi wa matasanmu, mun kuma ga abin da kodin ya yi kafin gwamnatin tarayya ta hana shigowa da maganin tari mai kodin da haɗa shi a watan Mayun 2018. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ƙwayar da za ta tashe ni aiki kwana uku bayan tiyata za ta kuma rufe duk wani ciwon da ke yi mini gargaɗi.

Kodin yana da wata matsalar da ta shafi waɗanda aka cire wa maɗaciya musamman. A inda bututun ruwan maɗaciya ya shiga hanji akwai wata 'yar tsoka mai zagaye da ke buɗewa da rufewa, kuma kodin yana iya sa ta ɗaure. Tun da babu jakar da za ta karɓi ruwan da ya taru, wasu sukan ji ciwo mai tsanani a ƙahon zuci jim kaɗan bayan sun sha, kamar ciwon tsakuwar ne ya dawo. Ba a kuma ba mai shayarwa shi, ko yaron da bai kai shekara 12 ba. Allurar fentazosin da ake yawan yi a asibitocinmu ita ma a wannan dangi take, tana kuma kama jiki, don haka kiran wani gida ya zo ya yi ta bayan an sallami mutum ganganci ne.

Ban faɗi wannan domin a guji waɗannan magunguna ko ta halin ƙaƙa ba. A gadon da ke kusa da nawa akwai wata budurwa mai sikila da aka yi wa aiki irin nawa. Masu sikila tsakuwar takan same su tun da ƙuruciya, domin jajayen ƙwayoyin jininsu suna saurin fashewa, launin da ke fita daga cikinsu ya taru ya dunƙule a maɗaciya. Ita na bar ta a asibitin, da ƙarin ruwa a hannu da iskar oksijin a hanci, ana sa ta jan dogon numfashi a kai a kai, domin babban abin tsoro gare su bayan aikin ciki shi ne ciwon ya sauka a ƙirji. Mofin aka ba ta, bisa ma'auni, ana lura da numfashinta. Mahaifiyarta ta ji tsoron kada ta saba, sai likita ya ce mata, "Mama, idan ciwo ya hana ta numfashi sosai, ƙirjin ne zai kama, kuma shi muke gudu." A wurinta hana maganin ne zai zama cuta.

Abin da ya fi yi wa kafaɗata amfani kuwa ba a kemis ake sayen sa ba. Tafiya ce, daga ɗaki zuwa tsakar gida, minti biyar ko goma, sau da yawa a yini, da tawul ɗin da aka tsoma a ruwan ɗumi aka matse aka ɗora a kafaɗa. Goggo ta zo da niyyar gasa mini ciki da ruwan zafi kamar yadda ake yi wa mai jego, sai na roƙe ta ta bar cikin ta koma kafaɗa, domin ɗinkin ɗanye ne, kuma ruwan zafi ko man zafi a kansa na iya ƙona fata ko ya jawo ruɓa. Ta yi jim, ta ce, "To, 'yar nan, zamaninku ne," ta kuma riƙa yi mini gashin kafaɗar safe da yamma har ta warke. Na koyi rungume ƙaramin matashi a cikina idan zan yi tari ko atishawa, na koyi juyawa gefe in sauke ƙafafu sannan in dafa hannu in tashi, maimakon in miƙe kai tsaye da tsokar ciki. Barci ma a ɗan jingine ya fi mini daɗi. Salla a zaune na yi ta kusan mako guda, ina sunkuyar da kai gwargwadon iko, tun da addini ya ba marar lafiya wannan rangwame, kuma sujada ce abu na ƙarshe da ya dawo mini ba tare da jan cibiya ba.

Abinci ma yana da hannu a ciwon. Hanta ce ke yin ruwan maɗaciya, ita jakar ajiya ce kawai, don haka bayan cire ta ruwan yana ci gaba da sauka hanji kaɗan-kaɗan, kuma cin maiƙo mai yawa a zama ɗaya yakan jawo wa wasu murɗa ko gudawa a makonnin farko. Na tsaya a kan koko da kunu da faten wake marar mai sosai da miyar kuɓewa, kaɗan-kaɗan sau da yawa, da gwanda da kankana da ruwa mai yawa, su ne ma suka warware ɗaurewar cikin.

Akwai ciwon da ba a yi wa magani a gida, kuma likitana ya sa na maimaita masa alamominsa kafin ya sa hannu a takardar sallama. Ciwon da ke tafiya daidai kullum raguwa yake yi, ko da a hankali. Wanda ya ƙaru bayan ya fara sauƙi, ko ya bazu ko'ina a ciki, cikin ya kumbura ya yi tauri, ko ya zo da zazzaɓi, ko aman da ya ƙi tsayawa, ko idanu su yi rawaya irin na shawara, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, wannan yana iya zama yoyon ruwan maɗaciya a cikin ciki, ko tsakuwar da ta rage a babban bututu, ko rauni a bututun. Ba kasafai suke faruwa ba, amma gano su da wuri ne ke sauƙaƙa gyaransu. Haka nan hujin da ya yi ja yana zubar da mugunya, da kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, duk na komawa asibiti ne a ranar, ko da tsakar dare ne. Ina jaddada maganar zazzaɓi, domin mu nan da jiki ya yi zafi sai a ce maleriya ce a sayo magani, a ɓata kwana uku ana jira.

A rana ta biyar na gama ibufurofen. Farasitamol na ci gaba da binsa da agogo har kwana 6, daga nan na koma shan sa da dare kaɗai, a rana ta tara kuma ɗiyata ta cire takardar daga bayan ƙofa domin babu sauran alamar da ake yi. An hana ni ɗaukar abu mai nauyi na wasu makonni, kuma ranar da na manta na ɗaga jarkar ruwa a sati na biyu, cibiya ta yi mini zogi har dare. Da na koma ganin likita na tafi da ragowar tiramadol guda huɗu na miƙa wa mai harhaɗa magunguna, domin gidanmu akwai yara da samari masu shiga da fita. Likita ya duba hujin ɗaya bayan ɗaya, ya danna ƙarƙashin haƙarƙarina, ya ce, "Malama, ya jiki?" Na ce da sauƙi, alhamdu lillahi, na ƙara da cewa maki 1 ne idan na yi atishawa, ya rubuta a kati, ya ce in koma aji a farkon mako amma in riƙa zama tsakanin darasi da darasi.